Ana Korar Dubbai a Amurka, Ana Neman Mutum Ɗaya a Gusau: Kokawar Ƙananan Kamfanoni da Manya a Kan Masu Rubuta Manhaja

Labarai uku ne suke ta yawo a 'yan shekarun nan, kuma wanda ya jera su wuri guda sai ya ga kamar suna ƙaryata juna. Na farko, manyan kamfanonin fasaha na duniya suna rage ma'aikata: Meta mai Facebook da WhatsApp ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023, Microsoft ma 10,000 a cikin watan. Na biyu, a ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da niyyar koya wa 'yan Nijeriya miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani. Na ukun ba a cika karanta shi a jarida ba, a bakin masu ƙananan kamfanoni ake jin sa, a Gusau kamar yadda ake ji a Kano da Legas: ba sa samun wanda zai rubuta musu manhaja, in ma sun samu ba ya daɗewa.

In ana kora can ana horarwa nan, to ƙarancin daga ina ya fito? Labaran uku duk gaskiya ne. Ruɗanin ya samo asali ne daga abu biyu: ana kiran ma'aikata iri biyu da suna ɗaya, sannan ana biyan su da kuɗi iri biyu.

## Su wane ne ake rububi a kansu

Mai rubuta manhaja shi ne wanda ke tsara umarnin da kwamfuta ko waya ke bi. Manhajar banki da ke cikin wayarka, shafin da ɗalibi ke biyan kuɗin makaranta, na'urar POS da ke bakin kasuwa, kowanne akwai waɗanda suka zauna suka rubuta abin da zai yi in an danna kaza, da abin da zai yi in sabis ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi.

A cikin sana'ar akwai sabon hannu, akwai gogagge. Sabon hannu ya iya harshen kwamfuta ɗaya ko biyu, irin su Python ko JavaScript, yana iya haɗa shafin intanet ya yi kyau a ido. Gogagge kuwa ya taɓa riƙe manhajar da dubban mutane ke amfani da ita a lokaci guda, ta taɓa rushe masa da tsakar dare ya tashe ta, ya san ƙofofin da masu kutse ke bi, ya san yadda ake adana bayanai kada su salwanta. Irin wannan ba ya samuwa a aji cikin wata uku. Shekaru yake ɗauka, a kan aiki na gaske, a ƙarƙashin wanda ya riga ka. Sabbin hannu sun yi yawa har suna rasa abin yi. Gogaggu ne ake kokawa a kansu.

Ƙaramin kamfani mai tasowa kuma doka ta fayyace shi. A ranar 19 ga Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sabbin kamfanonin fasaha. Kafin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ba kamfani shaidar shiga wannan rukuni, sai ya kasance yana da rajista, bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, aikinsa ƙirƙira ko inganta wani abu ne na fasahar zamani, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa yana hannun 'yan Nijeriya da suka kafa shi. Shagon da ke buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa bai shiga ba. Samari uku da suka haɗa manhajar lissafin kaya ga dillalan hatsi suna iya shiga, in sun yi rajista.

Shi kuwa babban kamfani, a idon mai ƙaramin kamfani a Gusau, hawa-hawa ne. A can sama akwai su Google da Microsoft da Amazon, waɗanda a gaskiya ba kasafai suke ɗauke ma'aikaci kai tsaye daga nan ba. A ƙarƙashinsu akwai dubban matsakaitan kamfanoni na Turai da Amurka da ke ɗaukar mutum ya yi musu aiki daga gida su biya shi da dala ko fam. Sai bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi na Legas irin su Moniepoint da Flutterwave da Interswitch. Sai ƙungiyoyin agaji da hukumomin Abuja. Kowane hawa yana ɗiba daga na ƙasa da shi, kuma ƙaramin kamfanin Gusau shi ne a ƙasan kowa.

## Yadda kasuwar ta rasa iyaka

Tarihin ba shi da tsawo. A 2014 aka kafa kamfanin Andela a Legas. Tsarinsa shi ne ya zaɓi haziƙan matasa, ya horar da su, ya ba da hayarsu ga kamfanonin waje. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24, shi kansa Zuckerberg ya zo Legas a shekarar. A 2019 Microsoft ya sanar da buɗe cibiyoyin injiniyoyi a Legas da Nairobi. A Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Daga nan duniya ta san akwai gwanaye a Nijeriya, masu jin Turanci, waɗanda agogonsu bai fi awa ɗaya tsakaninsa da na Landan ko Balin ba.

Akwai abin da ya faru a tsakiyar wannan labari da ba a cika tuna shi ba, alhali shi ne ya fi bayyana halin da ake ciki. A Satumban 2019 Andela ya sallami sabbin hannu kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, ya ce masu hayar ma'aikata gogaggu suke nema. Wato kamfanin da aka gina a kan horar da sabon hannu, da kuɗin manyan masu zuba jari a bayansa, ya lissafa ya ga horarwar ba ta biya. Nauyin da Andela ya sauke shi ne yake kan ƙananan kamfanoni a yau.

Sai annobar korona ta zo a 2020, aiki daga gida ya zama ruwan dare. Rahoton da Google ya fitar kan shekarar 2021 ya ƙiyasta masu rubuta manhaja a Afirka sun kai 716,000, kuma kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna yi wa aƙalla kamfani ɗaya na wajen nahiyar aiki. A 2022 shugabannin bankunan Nijeriya da kansu suka fito suna kokawa cewa injiniyoyinsu na manhaja suna ficewa. In banki ya kasa riƙe nasa, ana iya hasashen halin wanda ofishinsa ɗaki biyu ne.

Abin da ya ƙarasa raba gardama shi ne naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki darajar naira kasuwa ta yi halinta, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500. A ɗauki misalin wanda ake biya dala 1,000 a wata, wanda a Turai ƙaramin albashi ne ƙwarai. Da, kuɗinsa naira 460,000 ne a lissafin hukuma. Bayan faɗuwar naira ya koma miliyan ɗaya da rabi, ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka amince da shi a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Kamfanin da ke karɓar kuɗinsa daga makarantar unguwa da kantin magani ba shi da hanyar da zai ninka farashinsa sau uku don ya kamo wancan.

## Me ya sa korar da ake yi ba ta kawo sauƙi ba

Manyan kamfanoni sun ɗebi ma'aikata fiye da kima lokacin korona, sa'ad da kuɗin ruwa a Amurka yake dab da sifiri, jari kuma yana neman inda zai faɗa. Daga Maris na 2022 babban bankin Amurka ya riƙa ɗaga kuɗin ruwa har ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023. Masu jari suka janye hannu, kamfanoni suka koma tsuke bakin aljihu. Ko a gida an ji a jika: a 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta Legas.

Amma wanda aka sallama a Kalifoniya ba ya neman aiki a Gusau. Kuma kamfanin da ke son rage kashe kuɗi, sau da yawa abin da yake yi shi ne ya nemi gogagge mai sauƙin farashi a wata ƙasa. Saboda haka matsin da aka shiga can bai kashe kasuwar gogaggen ɗan Nijeriya ba, ƙofar sabon hannu ya ƙara tsukewa. Janyewar jarin ta kuma taɓa sabbin kamfanonin cikin gida, domin kuɗin da ake zuba musu daga waje ya ragu sosai bayan 2022, kuma dama can mafi yawansa a Legas yake tsayawa.

## Abin da zama a Zamfara ya ƙara

Jihar ba ta rasa masu karatun fannin ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, duk suna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta. Jihar tana da hukumarta ta bunƙasa fasahar sadarwa, ZITDA. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wuraren da ɗalibin zai je bayan ya gama ya zauna kusa da gogagge.

Sannan sana'ar tana tsaye ne a kan wuta da intanet, kuma duka biyun sun taɓa yankewa a nan ta hanyar da ba a mantawa. A farkon Satumban 2021 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, sauran sassan jihar sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ko mene ne ra'ayin mutum kan amfanin matakin ta fuskar tsaro, ga mai aikin manhaja darasin ɗaya ne: sana'arsa tana iya tsayawa cak da takarda ɗaya. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Shi ya sa duk mai wannan aiki da gaske sai ya tanadi sola da inbata, wasu har da Starlink, intanet mai zuwa ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Ga kuma ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Matsalar tsaro ta sa kawo gogagge daga wata jiha ya yi wuya. Wanda ya ji labarin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ko sace ɗaliban jami'ar tarayya da aka yi a Sabon Gida a Satumban 2023, ba ƙaramin albashi ne zai sa ya kwaso iyalinsa ba.

Akwai kuma wani sauyi da ya fi waɗannan duka tasiri, ko da yake ba a ganin sa. A da, rasa ma'aikaci yana nufin ya hau mota ya tafi Kaduna ko Abuja, kuma da yawa ba sa son barin iyaye da iyali, sai su haƙura da ƙaramin albashi. Yanzu yana iya zama a ɗakinsa a unguwar Tudun Wada ko Samaru a Gusau, ya yi sallah a masallacin unguwarsu, ya ci tuwon gidansu, albashinsa kuma ya zo daga Jamus. Zama a gida, wanda shi ne babban abin da kamfanin gida yake jan mutum da shi, ya daina zama nasa shi kaɗai. Arhar haya da abinci a Gusau, in aka kwatanta da Legas, mai karɓar dala ta fi yi wa amfani.

## Da me ƙaramin kamfani yake faɗa

Tunda albashi ba fagen da zai yi nasara ba ne, dabarun da ake bi a duniya suna kewaye shi ne. Kowace tana da inda take aiki da inda take cijewa.

Wadda aka fi ambata ita ce ba ma'aikaci kaso a cikin kamfanin. Tsarin da aka saba a Amurka shi ne a yi wa mutum alkawarin hannun jari da zai mallaka a hankali cikin shekara huɗu. In ya tafi kafin shekara ta cika bai da komai, in ya cika shekara ya mallaki kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuma wata-wata. Abin ya yi kama da yaron shago da ke yi wa maigida hidima shekaru bisa fahimtar cewa ranar sallama za a ba shi jari. Bambancin shi ne yaron shago yana ganin kaya a kan kanta, ya san abin da maigida ya mallaka. Kason kamfanin manhaja takarda ce da ba ta zama kuɗi sai ranar da aka sayi kamfanin, ko ya shiga kasuwar hannun jari, ko ya fara raba riba. Ana yawan kafa hujja da Instagram, wanda Facebook ya saya dala biliyan 1 a 2012 yana da ma'aikata 13 kacal. Irin wannan ciniki ko a Legas ba kasafai ake jin sa ba, kuma yawancin sabbin kamfanoni a ko'ina rufewa suke yi kafin su kai can. Saurayin da ke tara kuɗin lefe ba zai kai wa surukai takardar kaso ba.

Abin da ya fi dacewa da wannan kasuwa, kuma mutane suka fi fahimta, shi ne raba riba a kan kowane aiki. An yi wa asibiti manhaja, kason wanda ya rubuta kaza ne, kuma duk shekarar da asibitin ya biya kuɗin kulawa yana da rabonsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san musharaka da mudaraba a fiƙihun ciniki. Sharaɗinsa dai a rubuta, a kuma buɗe littafin shiga da fita, abin da ba kowane mai kamfani ne yake yarda ya yi ba.

Dabara ta biyu ita ce a daina farautar gogagge, a rene shi. Ana ɗaukar ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki, da masu yi wa ƙasa hidima, da waɗanda suka gama 3MTT, a sa su a aiki na gaske. A nan ƙaramin kamfani yana da abin da babba ba shi da shi. A babban kamfani sabon hannu yana iya shekara yana gyara lungu ɗaya na wata ƙatuwar manhaja. A ƙarami, cikin 'yan watanni zai zauna da mai kantin magani ya ji matsalarsa, ya tsara rumbun bayanai, ya rubuta manhajar, ya ɗora ta, a kira shi in ta tsaya. Ba abin da ke gogar da mutum da sauri kamar haka. Sai dai gogewar da aka ba shi ita ce takardar da zai nuna wa mai biyan dala. Kuma dabarar ba ta tafiya sai da gogagge aƙalla ɗaya a cikin gida, wanda galibi shi ne mai kamfanin da kansa.

Ta uku ita ce a raba mutum da babban kamfani maimakon a ƙwace shi. Gogaggen da ke aikin waje da rana yana iya karɓar jinga, ya duba aikin yara da dare ko ranar Asabar, a biya shi gwargwadon abin da ya yi. Da yawa suna yarda saboda zumunci, ko don suna son a ce da hannunsu a wani abu na gida. Matsalar ita ce ranar da ayyuka biyu suka yi karo, an san wanda za a ajiye. Wasu kwantiragin na waje ma sun hana yin wani aiki a gefe.

Akwai kuma mutanen da manyan kamfanoni ba sa gani. Matar aure da ta karanta kwamfuta amma ba za ta yi zaman ofis daga safe zuwa yamma ba, ko wanda ya iya aiki sosai amma Turancin bakinsa ba zai kai shi ga tsallake ganawar ɗaukar aiki da Bature ba. Kamfanin da ya sassauta lokaci, ya auna mutum da aikinsa, yana samun waɗanda suka fi daɗewa. Haka nan sanin wuri jari ne: wanda zai rubuta manhajar da manomi a Bakura zai yi amfani da ita da Hausa, a ƙaramar waya, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai wanda ya san wannan rayuwa.

Ta ƙarshe ita ce ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke iya amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, da kayan aiki irin su GitHub Copilot mai taya rubuta manhaja, mutum biyu suna iya gama aikin da a da sai an tara jama'a. Wannan sauƙi ne ga mai ƙaramin jari. Amma na'urar tana kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma gogagge ne kaɗai ke gane inda ta kauce. Ayyukan da take ɗaukewa kuwa su ne ƙananan da sabon hannu yake koyo da su. Kuɗin hayarta ma galibi da dala ake biya.

## Inda ra'ayi ya rabu

Masu kamfanoni suna cewa su ne ke ɗaukar asarar horarwa, wasu su girbe. Wasunsu suna son a riƙa ɗaure ma'aikaci da yarjejeniya: in an horar da kai sai ka yi shekara kaza, ko ka biya, kuma in ka tafi ba za ka yi wa abokin hamayya aiki ba. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin in kowa ya ga horarwa asara ce, ba wanda zai horar.

Ma'aikatan suna da nasu ƙorafin. Suna cewa ba dala kaɗai ke korar su ba: albashin da ba ya zuwa a kan lokaci, aiki ba takarda, alkawarin kaso da baki, da maigidan da ke ɗaukar mai rubuta manhaja a matsayin yaron da zai gyara firinta ya kuma buga wasiƙa. A ganinsu wanda bai cika alkawarin wata ba bai da bakin neman alkawarin shekara.

Tarihin sana'ar ya nuna ɗaure ma'aikaci bai cika yin tasiri ba. Jihar Kalifoniya, inda mafi yawan manyan kamfanonin suke, ba ta amincewa da sharaɗin hana mutum komawa wurin abokin hamayya, kuma masana da dama suna ganin wannan yana cikin abin da ya bunƙasa yankin. Da Apple da Google da Intel da Adobe suka haɗa baki a ɓoye kan kada su riƙa zawarcin ma'aikatan juna, ƙarshenta sai da suka amince su biya dala miliyan 415 a 2015 don a kashe ƙarar da ma'aikata suka shigar. A Nijeriya kotu takan duba ko sharaɗin ya yi daidai da hankali wajen tsawon lokaci da faɗinsa. A aikace kuma, ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin shari'a, kuma a gari irin Gusau inda kowa ya san kowa, kai tsohon yaronka kotu yana iya sa wasu su guje ka.

Ra'ayi na uku shi ne na gwamnatin tarayya. Ministan sadarwa Bosun Tijani, wanda shi ma daga wannan fage ya fito a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CcHUB, cibiyar renon sabbin kamfanonin fasaha a Legas, bai ɓoye cewa burin 3MTT ya haɗa da mayar da Nijeriya mai fitar da gwanaye zuwa kasuwar duniya ba. A wannan mahanga, wanda ya samu aikin waje ba asara ba ne, hanyar shigowar dala ce. Masu suka suna cewa shirin, wanda ya fara da mutum 30,000 sannan aka ɗebi 270,000 a zango na biyu, yana ƙara yawan sabbin hannu ne a kasuwar da ta riga ta cika da su, alhali cikas ɗin yana wajen samun aikin farko. Dokar sabbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta tanadi asusun tallafa wa sabbin kamfanoni da aƙalla naira biliyan 10 a shekara a ƙarƙashin hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, da rangwamen haraji ga masu shaidar. Ko da an aiwatar da komai yadda aka rubuta, wannan yana rage wa kamfani nauyi ne, ba ya cike tazarar da ke tsakanin naira da dala.

## Abin da zai iso ga sauran jama'a

Wanda zai fara ji shi ne mai sayen manhaja: makaranta, asibiti, kantin magani, ƙungiyar manoma, ma'aikatar gwamnati. Farashi zai ci gaba da hawa, kuma haɗarin da ya fi farashi shi ne manhaja marainiya, wadda wanda ya rubuta ta ya tafi da sirrinta a kansa. Sakamakon ɗalibai ko bayanan marasa lafiya suna iya maƙalewa a inda ba mai iya buɗewa. Abin da ke kare mai saye shi ne yarjejeniya a rubuce da ta ce asalin rubutun manhajar da kalmomin sirri da kwafin bayanai suna hannunsa, da kuma sanin ko mutum nawa ne a kamfanin suka san cikin aikin. Da yawa za su gwammace su yi hayar manhajar da wani babban kamfani ya riga ya gama, ko da ba ta dace da su sosai ba, wanda hakan ke ƙara ƙuntata kasuwar na gida.

Ga matasa da iyayensu, takardar shaidar kammala horo ta rage daraja, aikin da mutum zai iya nunawa ya ƙara. Shekara biyun farko su ne masu wuya, kuma ƙaramin kamfanin gida, duk da ƙarancin albashinsa, sau da yawa shi ne kaɗai ƙofar da ke buɗe. Mai shiga ya kamata ya tambayi wa zai koya masa, kafin ya tambayi nawa za a ba shi. In babu gogagge a wurin, ƙaramin albashin bai sayo masa komai ba.

Akwai kuma batun haraji, wanda ya fara tayar da hankalin masu aikin waje. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki daga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, daga nan yana hawa mataki-mataki har kashi 25 cikin 100 ga masu samu mafi yawa. Mazaunin Nijeriya ana lissafa masa duk abin da ya samu, ko daga ina aka biya shi. Wannan zai ɗan rage ratar da ke tsakanin mai karɓar dala da mai karɓar naira, amma kaɗan ne. Abin lura shi ne harajin mutum yana zuwa ne ga jihar da yake zaune. Injiniyan da ke Gusau yana yi wa kamfanin Landan aiki, hukumar tara kuɗin shiga ta Zamfara ce ke da haƙƙin harajinsa, kuma a kasuwar Gusau yake cefane, magina da teloli na nan yake ba aiki. In ya koma Abuja saboda wuta ko sabis ko tsaro, duk wannan ya bi shi, har da daren Asabar ɗin da yake duba aikin yaran wani ƙaramin kamfani.